Bayan Allo

Jika goma sha biyar suka ba ni a ofishin magajin gari,
da gwangwani biyu na fenti, fari da baƙi.
Suka ce, "Nomau, rana ta lashe allon Tudun Ango,
je ka mayar masa da baƙaƙensa
kafin baƙi su iso daga Yamai."

Na iske shi a karkace, can bayan Tawa,
ƙafa ɗaya cikin siminti, ɗaya ta gaji.
Akuya ta mai da inuwarsa ɗakinta.
Wani ya manna lambar wayar mai maganin basir
daidai kan shekarar yaƙin.

Na kankare tsatsa. Rubutun ya fito ɗaiɗai
kamar haƙoran tsoho:
A NAN AKA GWABZA.
Sunan kumandan, da dukan galolinsa.
Sunan sarkin yaƙi a ƙasa, harafi ɗaya ya ɓace tun farko.
Sai kuma: da mutum arba'in.

Kamyon albasa ya wuce, allon ya yi kyarma,
layina ya karkace, na goge da gefen riga.

Tsohuwa Tabawa ta sauke damin karanta, ta tsaya kallo.
"Ba a nan ba ne," in ji ta.
"Can ne, gangaren fadama, inda rijiya ta rufta.
Gudron ne ya biyo ta nan,
sai aka jawo yaƙin da igiya zuwa bakin hanya
don masu mota su gani ba su sauka ba.
Je ka can da damina. Hauya na tono kan kibiya,
yara na busa kwanson harsashi kamar sarewa.

Kuma ba arba'in ba ne."

Ta zauna a kan gwangwanina.
Kakarta ce ta koya mata su a bakin dutsen niƙa,
suna ɗaya, turawa ɗaya:
Hankurau maƙeri, da bai gama ƙera mashinsa ba.
Tunau, da ƙanensa Jadi da ya bi shi a ɓoye.
Arzika, baƙo ne, jaki ya zo saye.
Wani Buzu da ba a tambayi sunansa ba,
sai aka ce masa Mai Farin Raƙumi.
Ta yi ta lissafi, yatsunta na niƙa iska.
"Ta arba'in da ɗaya Igge ce,
yarinyar da ta kai musu ruwa a gora.
Ba ta riƙe baka ba,
shi ya sa mai ƙidaya ya tsallake ta."

Takardar aikina ta ce: yadda yake,
kada a ƙara, kada a rage.
Ina da 'ya'ya huɗu da bashin hatsi.
Na rubuta arba'in, na gyara masa ƙafafu,
ya fito tas, ana karanta shi daga cikin mota.

Fenti ya rage kamar rabin ludayi.
Na zagaya baya, gefen da ke kallon fadama,
inda ba wanda ya biya ni, ba wanda ya hana ni.
Tana faɗa ina rubutawa, ƙanana, don su isa.
Bakwai sun kuɓuce mata.
Ta dafe kai, ta kira su, ba su zo ba.
Na bar musu fili tsakanin 'yan'uwansu,
faɗin yatsa huɗu kowane.

Ranar Laraba baƙi suka zo, mota uku.
Suka jeru a gaba, aka ɗauki hoto,
aka sha ruwan leda, aka bar ledar.

Na koma bayan sati ɗaukar tsanina.
Akuyar na kwance a wurinta.
Wani yaro makiyayi, ɗan aji biyu a lakwal,
ya jingine sandarsa, ya ɗora yatsa a ƙarfen mai zafi,
yana haɗa baƙi da wasali a hankali:
"Ig... ge."
Ya waiwayo ya ce, "Baba, wace ce?
Kuma nan da babu kome, me aka rubuta?"