Littafin Awon Zuleide

Shagona na bayan kasuwar kifi a Recife,
ƙofa ɗaya, taga ɗaya, keken ɗinki mai tari.
Shekara talatin da ɗaya ina auna ƙugun mutane.
Igiyar awo ba ta iya kara ba,
ni ce dai ke rage murya in zan faɗi lamba.

Valdemar direban bas ne, layin bakin teku.
Ya shigo wata Talata da wando uku a leda,
ya ce, "Zuleide, rage min su, na zama sabon mutum."
Kwana arba'in bai taɓa shinkafa ba,
ruwan lemun tsami da safe, ganyen kabeji da dare.
Ido ya faɗa, wuya ya miƙe kamar na zalɓe,
yana magana yana dafa bango.
Na rage santimita goma.
Ƙyallen kuwa ban yanke ba,
na naɗe shi ta ciki, na bi da zare,
don na san ƙibar da aka kora da bulala
ba ta nisa, a bayan ƙofa take laɓewa.

Kafin ruwan Yuli ya ɗauke ya dawo.
Bai dube ni ba, ya ajiye ledar a kan tebur.
Na farke abin da na ɗinka,
har na yi ciko da wani yadi mai kama da shi.
Sau uku muna wannan rawa, ni da shi da almakashi.

A na huɗun jiri ya ɗebe shi a kan gada,
fasinja arba'in a bayansa.
Ya taka birki, ya kifa goshi a kan sitiyari,
wata tsohuwa ta miƙo masa ayaba daga jakarta.
Ya ce min bai taɓa jin kunyar abinci kamar ranar ba,
bai kuma taɓa jin daɗinsa haka ba.

Daga nan ya daina rantsuwa.
Yayarsa Marluce ta ba shi farantin mahaifiyarsu,
ƙarami, mai tsaga a gefe.
Shinkafa da wake na nan, ludayi ɗaya maimakon uku,
garin rogo a barbaɗa, ba a tula ba,
kifi gasasshe in an samu, kabewa, tumatir.
Ya koyi zama ya ci a kan benci,
ba a tsaye ba, ba da hannu ɗaya a kan giya ba.
Sukarin kofi daga cokali huɗu ya koma biyu,
ya daɗe a biyun, yana mita.
In ya ajiye mota, ƙafa ke kai shi gida.

Ranar bikin jikarsa ya ci kek, yanka guda,
ya lashe yatsa a gaban kowa.
A Disamba ya ƙaru da santimita biyu,
ya yi dariya, ya ce Janairu na tafe.

Littafina ga shi:
ɗaya a wata biyu, wani lokaci babu ko ɗaya,
abin da ba ya isa a kai wa maƙwabta labari.
Amma lambar ta sauka ta zauna,
ta shekara biyu ba ta motsa ba.

Jiya ya ce, "Yanke ƙyallen nan, yana cizo na."
Na yanke.
Na cusa masa auduga, ya zama matashin allurai.

Da na rufe shago, na dubi takardar soyayyen rogo
da nake ci kullum ƙarfe huɗu, mai ya huda ta.
Na zagaya igiyar a nawa ƙugun.
Babu kowa a ɗakin,
amma sai da na rage murya.