Fangali Ashirin da Shida

Lambun babana a Galmi ba ya da kusurwa huɗu.
Daga bakin rijiya ya miƙe gabas,
ya karya gwiwa a gindin tsamiyar Illo,
kamar raƙumin da ya soma durƙuso ya fasa.

Mutumin ƙungiyar manoma ya zo da takarda,
mita nawa yake son ji kafin ya rubuta taki.
Baba Nomau ya dubi lambun, ya dubi igiyar guga,
ya ce, "Ta ina ake kama abin da ba shi da kai?"

Ni kuwa daga lakwal nake, alli bai bar yatsuna ba.
Na ce, "Baba, miƙo igiyar."

Ban auna lambun ba.
Fangali ɗaya na auna, wanda ke bakin ƙafata:
uku a tsaye, biyu a kwance,
shida ke nan ya haɗiye a cikinsa.
Sauran kuwa hannu ɗaya ya ja su,
hauya ɗaya, ido ɗaya, rani talatin,
babu wanda ya ɗara ɗan'uwansa da taƙi.

Sai na bi kunya ina ƙirga,
laka na tsotsar takalmina,
warin albasa na hawa hanci.
Layi biyar, kowane da huɗu: ashirin.
Bayan gwiwa, inda lambun ya rame,
layi biyu masu uku-uku.
Ashirin da shida, sau shida,
ɗari da hamsin da shida! Na faɗa da ƙarfi
har balbela ta tashi.

Mutumin ya ɗaga biro.
Baba ya ce, "Dakata. Cire na ƙarshe."

Na san shi. Na bakin inuwa ne,
inda Inna Tsahara ke shuka yakuwa da barkono,
tana korar awaki da bakin zane.
Rani uku ke nan ba a sa masa iri ba,
amma kullum ruwa na bi ta kansa.

"Wannan ba ya cin taki," in ji shi.

Na ɗebe shida.
Ɗari da hamsin aka rubuta, aka buga hatimi.
Babur ya tashi, ya nufi hanyar Tawa.

Da yamma na ga Baba ya buɗe bakin kwari.
Ruwa ya shiga na fari, ya cika, ya toshe,
ya matsa gaba, bai tsallake ko ɗaya ba.
Ina daga gindin tsamiya ina ƙirgawa a zuci,
har ashirin da shida.