Abin da Na Rubuta Ranar Talata a Valdivia

Aikina in rubuta abin da aka faɗa.
Shekara ashirin da biyu ina kan wannan kujera,
bayana taga, bayan taga kogi,
bisa kogin ruwan saman da ba ya gajiya da garin nan.

Mutum biyar ne a kwamitin ladabtarwa,
sai yarinyar, Maite Aravena,
'yar aji biyu a sashen likitancin dabbobi.
Hannun rigar sanyinta ya haɗiye yatsunta.

Kofi nawa kika sha?
Na rubuta.
Uku ko huɗu? Ɗazu uku kika ce.
Na rubuta.
Da ya zuba miki, kin ture?
Kin yi rawa da shi ko ba ki yi ba?
Ta ce ta yi.
Farfesa Oyarzún ya gyaɗa kai
kamar wanda ya tsinci makullinsa a aljihun wani.

Abin da ta tuna na ƙarshe matakala ce,
da takalminta ɗaya a hannu.
Sai asuba, sai rufin ɗakin da ba nata ba,
sai rigarta a baibai,
sai ciwo a inda ta kasa faɗa a gaban maza huɗu.

Suka ce: to, in ba ki tuna ba,
ta ina kika san ba ki yarda ba?

Ta daɗe tana kallon jug ɗin ruwa.
Ta ce: Shi ai ya tuna. Ku tambaye shi ko idona a buɗe yake.
Shugaba ya juyo gare ni:
Doña Eliana, wannan ba amsa ba ce, a cire.

Bayan hutun shayi aka shigo da shi,
Cristóbal Undurraga, da kwat, da lauyan babansa.
Shi ma ya sha, in ji shi, fiye da ita ma.
Ɗakin ya yi laushi.
Wani ya ce ƙuruciya. Wani ya ce saura masa wata biyar ya gama.
Kwalba ɗaya ce fa suka sha.
Ta shiga cikinsa ta zama uzuri,
ta shiga cikinta ta zama laifi.

Ya ce: Ba ta ce a'a ba.
Na jira a tambaye shi ko ta ce i.
Na jira har yatsuna suka yi sanyi a kan madannai.
An ce shiru ma magana ce,
amma barci ƙanin mutuwa ne,
ni kuwa ban taɓa jin gawa ta ba da izini ba.

Ina da sha tara, a Temuco, daren gama jarrabawa.
Uwata ta wanke siket ɗina da hannunta,
ta shanya shi a cikin ɗaki, kada maƙwabta su gani.
Kalma uku ta faɗa: Wa ya aike...
Ba ta ƙarasa ba. Ni na ƙarasa mata,
kullum, shekara talatin da bakwai.

Ƙarfe huɗu suka yanke: babu isasshiyar hujja.
Za a manna takarda a ɗakunan kwanan mata
kan illar shan giya.
Ni zan buga ta.

Na same ta a tashar bas, ba laima.
Na ba ta tawa. Ba mu ce komai ba,
ban san me ake cewa ba, ni ba a ce mini ba.

Amma ban cire ba.
Yana nan a shafi na bakwai, layi na huɗu daga ƙasa,
da sunanta a gefe,
kuma duka biyar sun sa hannu
ba tare da sun karanta ba.