Rariya

Jikana Tadeo na kai asibiti a Valparaíso.
Likita na karanto alamomin larurarsa,
ni kuwa ina jin kamar sunana ake kira.
Shekaruna sittin da uku.

Malama Eduvigis, kin ce kaina rariya ne,
kika zaunar da ni nesa da taga
kada jiragen ruwa su sace ni.
Sun sace ni. Kunne ba shi da marfi.

Tukwane nawa na ƙona?
Rigar sanyin da nake saƙa wa Anselmo
har yau hannu ɗaya gare ta,
mai rigar ya gaji da jira.
Matakala ɗari da sittin zuwa gidanmu,
sai na kai ƙofa in tuna na bar burodi a kanti,
in sauka ina zagin kaina da muryar uwata.

Ashe ba lalaci ba ne.
Ashe abin yana da suna, har da magani.

Na fito da kuka a maƙogwaro,
sai Tadeo ya nuna mini mage a kan rufin kwano.
Muka tsaya kallonta
har bas ɗinmu ta wuce.