Kambin Kwali

Ranar ba da hutu, a makarantarmu ta Kiyawa,
Malam Sallau ya sa muka yi wasan sarakunan Ingila.
Kambin na kwalin sabulu ne, an manna masa ledar alewa.
Tanimu ne sarki, ni ne ƙane mai jiran gado.
Takubba karan dawa,
jini kuwa zoɓon Inna Kande.

Na soke shi a gindin darbejiya,
ya faɗi yana ƙunshe dariya,
'yan aji ɗaya suka ɓarke da tafi.

Baffa kaɗai bai tafa ba.
Damina tara rabonsa da gaisawa da wansa,
tun ranar da aka naɗa wa wancan rawanin dagaci.

Kafin magariba akuya ta cinye kambin.
Rawanin yana nan.