Tambari a Bayan Kalanda

Sati uku ina haɗiyar littafi a Samaru,
layi bayan layi, kamar mai ƙirga tsakuwar Kubanni.
Cututtukan masara, shafi tamanin da huɗu.
Abin da na tara da dare, kafin asuba ya gudu;
kaina ya zama kwando, ni kuwa ina ta ɗibar ruwa.

Ranar Alhamis na haƙura, na hau mota.
Kwangila, Tudun Wada, sai ga Ƙofar Doka.
Na ce bari in ci tuwon gida
ko ƙwaƙwalwa ta huce.

A zaure na tarar da Kawu Tanimu
ya baje farar shadda a kan tabarma.
Ba allura a hannunsa, ba zare,
sai alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada.
Bai fara daga wuya ba, bai fara daga gefe ba.
Ɗigo ɗaya ya ajiye, ya yi ta kewaya shi
har tambari ya tashi,
sannan aska ta fito, ta jawo 'yar'uwarta,
har takwas, kowace ta san inda ta tsiro.

Na ce, "Kawu, a ina ka haddace duk wannan?"
Bai ɗago ba.
"Tasalla, wa ke haddace riga?
Cibiya ake nema. In kin sami cibiya,
saura dangi ne, su ke kiran juna."

Da la'asar na sauke tsohuwar kalanda daga bango,
na kife ta.
A tsakiya na zana masara guda, har da gemunta.
Jan biro ya tafi gabas da masu cin ganye.
Shuɗi ya bi abin da damina ke shigowa da shi.
Baƙi ya gangara ƙarƙashin ƙasa
inda wuta-wuta ke zaune,
fure na amarya, hali na ɓarawo,
bakinta a jikin saiwa.
Kowane reshe kalma ɗaya, ba dogon zance:
tsutsa, tsatsa, gara, ruɓa.

Can na ga abin da littafi ya raba da shafi arba'in:
ashe gajiyar ƙasa da wuta-wuta maƙwabta ne.
Na ja musu layi,
kamar an huda ƙofa a katanga.

Reshe ɗaya ya tsaya tsirara:
ajiya a rumbu.
Na zuba masa ido, ya zuba mini.
Sati uku ina zaton na san shi.
Takarda dai ba ta yi mini kara ba.

Kawu ya leƙo bayan magariba, ya karkata kai.
"Nan ya cushe. Nan kuma fili fetal.
Amma zane ne."
Iyakar yabonsa ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Litinin, fanka ɗaya ke juyi a ɗakin jarrabawa.
Tambaya ta uku ta ɗaure mini fuska.
Na rufe ido.
Ga masarata tsaye da gemunta.
Na bi baƙin reshe kamar lungun unguwarmu
daren da aka ɗauke wuta:
ido bai gani, ƙafa ta san kwana.

Da na dawo hutu na nemi kalandar.
Inna ta yayyaga ta, ta ƙunsa daddawa.
Yanki ɗaya na tsinta a gindin murhu,
"tsatsa" da rabin kibiya, yana warin kalwa.
Na buɗe baki, sai na tuna rigar Kawu
tana shanya a kan igiya:
wanki ɗaya ke tafiya da tawada,
zare shi ke zama.