Layin da Ya Ratsa Tsakar Gida

Ran Litinin, sanyin Jos na cizon yatsu,
aka miƙo min jaka da fensir da taswira mai ninki huɗu.
Oga Choji ya ɗora farce kan wani jan layi:
"Nan ce iyakarka. Hagu namu, dama na maƙwabta.
Ko kaza ka gani a ƙetare, ba taka ba ce."

Na bi layin da ƙafa.
A takarda siriri ne kamar zaren tela,
a ƙasa kuwa ban gan shi ba.
Kwata na gani, da dutse gurfane kamar raƙumi,
da shingen ƙerana,
da yara biyu na tura tsohuwar taya
daga wannan hukuma zuwa waccan, ba su nemi izinin kowa ba.

Sai gidan Iya Ladidi.
Layin bai yi sallama ba, ya faɗa ta zaure,
ya bar ɗakin kwana a Arewa, ya tura murhu Kudu,
rijiya kuwa ya ɓare ta biyu kamar goro.
Na ce, "Iya, a ina kike zaune?"
Ta ce, "A kan turmi. Ba ka gani?"
Na ce, "Ƙaramar hukuma nake nufi."
Ta ce, "Masu rasit duka biyun sun san ƙofata.
Ran da ruwa ya cinye kwalbati,
kowanne ya ce ni ta ɗan'uwansa ce."

Littafin aiki ya ce inda mutum ya kwana, nan za a rubuta shi.
Ta yi dariya har da tari:
"Da damina ɗakin na yoyo, a madafa nake shimfiɗa.
Rubuta ni rabi da rabi, ɗan nan."
Na duba fom sama da ƙasa,
babu gurbin rabin tsohuwa.

Muka shiga lissafin baki.
Jikoki uku. Ɗa guda a Abuja, sai da Sallah.
Da Kangyang, 'yar maƙwabta,
a can take barci, a nan kwanonta yake.
Maigidan fa? Ta nuna bayan gari da haɓa.
Shi dai ya huta, babu mai tambayar shiyyarsa.

Ba na raina lamba.
Na san ita ke tafiya Abuja cikin ambulan,
ta dawo a matsayin benci, da famfo, da allurar jarirai,
in ta dawo.
Wanda aka tsallake a ƙirge, an tsallake shi a rabo.
Shi ya sa hannuna ke rawa, ba sanyi kaɗai ba.

Ni ma akwai gurbin da ke tsayar da ni:
ƙaramar hukumar asali.
Kakana ya zo haƙar kuza da kwano a ka,
kududdufin da ya bari na nan, ruwansa kore shar.
A Gangare aka yanke min cibiya,
amma in an miƙo takarda
sunan wani gari nake rubutawa
wanda ban san ɗanɗanon ruwansa ba.

Ta zubo min gwaten acca, yana tururi.
Na wanke hannu a Arewa, na ci a Kudu,
na yi hamdala a daidai bakin rijiya.

Da yamma a ofis na sa ta a hagu.
Na goge. Na mai da ta dama. Na sake gogewa,
har takardar ta huje.
Oga Choji ya ɗaga ta saitin taga,
ya leƙo ni da ido ɗaya ta cikin hudar:
"Sabitu, wane ne wannan?"
Na ce, "Mutum ɗaya ce, ranka ya daɗe.
Gobe zan koma in ga ko an gyara rufin."